Me Ke Tura Dutse Bayan Ya Bar Hannu?

Ɗauki dutse ka cilla shi sama. A daidai lokacin da ya rabu da hannunka, yana hawa bai kai ƙololuwa ba tukuna, wane ƙarfi ne ke aiki a kansa? Kusan duk wanda ka tambaya zai ce maka ƙarfi biyu ne suke kokawa. Akwai ƙarfin jifa da hannu ya ɗura masa, shi ke kai shi sama, akwai kuma nauyinsa da ke janyo shi ƙasa. Muddin na jifa ya rinjaya, dutse na hawa. Idan suka yi kunnen doki sai ya tsaya cak, idan na jifa ya ƙare sai ya faɗo. Amsa ce mai daɗin ji, ta kuma dace da abin da ido ke gani. Sai dai ba daidai ba ce.

Kada ka ɗauka waɗanda ba su je makaranta ba ne kaɗai ke ba da wannan amsa. A 1982 wani mai bincike a Amurka, John Clement, ya buga sakamakon gwajin da ya yi wa ɗaliban injiniyanci a jami'a. Ya ce su zana kibiyoyin da ke nuna ƙarfin da ke kan kwabon da aka cilla sama, yana tsakiyar hawa. Mafi yawansu suka zana kibiya mai kallon sama, suka ce ita ce ƙarfin jifan. Ko bayan sun gama karatun darasin, da yawa ba su sauka daga kan ra'ayinsu ba. Haka abin yake a ajujuwanmu. Yaro zai haddace lissafin, ya ci WAEC, ya ci JAMB, amma ka ja shi gefe ka tambaye shi da Hausa, sai tsohuwar amsar ta fito. Wannan yana damuna, domin ɗalibin da ya iya lissafi bai gane abin da yake lissafawa ba, ranar da tambaya ta sauya riga zai rasa ta inda zai kama ta.

Hannu yana tura dutse ne kawai muddin yana taɓa shi. Da sun rabu, turi ya ƙare nan take, ba a hankali ba. Abin da dutsen ya tafi da shi gudu ne, kuma gudu ba ya buƙatar wanda zai riƙa ciyar da shi. Abin da ke neman ƙarfi shi ne sauya gudu: a ƙara shi, ko a rage shi, ko a karkata shi. Idan muka ajiye iska a gefe na ɗan lokaci, ƙarfi ɗaya tak ya rage a kan dutsen, wato janyowar ƙasa, kuma ƙasa take kallo daga farkon tafiyar har ƙarshenta. Aikinta guda ne, ba ta gajiya, ba ta ƙara himma: a kowane sakan tana ƙara wa abu gudun mita 9.8 a sakan zuwa ƙasa. Don sauƙi a ce mita 10. To, dutsen da ya bar hannu da gudun mita 20 a sakan, bayan sakan ɗaya saura 10, bayan sakan biyu saura sifili, a nan ya kai tsayin kusan mita 20. Bayan sakan uku yana saukowa da gudun 10, bayan huɗu ya dawo hannunka da gudun 20 ɗin da ya tafi da shi. Duba jerin: 20, 10, 0, sannan 10 da 20 ta ɗaya ɓangaren. Ragi iri ɗaya ne a kowane sakan, babu inda aka yi tsalle, babu inda aka huta.

Ƙololuwar ce take ruɗar mutane. Suna cewa tun da dutse ya tsaya, ai ƙarfin da ke kansa ya zama sifili. Gudunsa ne ya zama sifili, shi ma na ƙiftawar ido. Janyowar ƙasa tana nan yadda take. Da a ce ta ɗauke a wannan lokacin, da dutsen ya rataye a sama ke nan, tun da babu abin da zai sauya masa hali.

Maginan gargajiya sun san amfanin wannan ƙololuwa tun kafin a rubuta ta a allo. Je ka tsaya inda ake ɗaga katangar ƙasa. Magini yana zaune a kan katanga ya wara ƙafafu, lebura yana ƙasa kusa da tarin tubali. Zai sunkuya, ya tallabo tubali da tafin hannu biyu, ya ɗan yi lilo da shi tsakanin gwiwoyinsa, ya saki. Tubalin zai tashi ba ya juyawa, ya rage gudu, ya rage, ya iso daidai ƙirjin magini kamar an miƙa masa, shi kuwa ya sa hannu ya ɗauke ba tare da ko ya jijjiga ba, wani lokaci ma yana cikin hira. Leburan da ya ƙware ba ƙarfi yake nunawa ba, awo yake yi. Idan magini ya ɗara hannunsa da mita 3, tubalin na buƙatar barin hannu da gudun kusan mita 7.7 a sakan. Ya rage, tubali bai kai ba. Ya ƙara, tubali ya iso da sauran gudu ya bugi yatsun magini, a ji ya ce, “Kai, a hankali mana!” Akwai kuma wani abu da ke taimakon mai cafewa. Abin da aka cilla sama yana cinye kusan kashi 70 cikin 100 na lokacin tafiyarsa a rabin tsayin da ke sama, domin a can ne gudunsa ya yi ƙasa. Tubalin yakan shafe sama da rubu'in sakan a cikin santimita 10 na ƙarshe, hawa da sauka. Dalilin ke nan da ya sa ɗan ƙwallon da ya yi tsalle zai sa kai ake ganin kamar ya ɗan tsaya a iska.

Me ya sa tubali da tsakuwa suke bin lissafi ɗaya, alhali ɗaya ya ninka ɗaya nauyi sau ɗari? Ƙasa tana jan tubali da ƙarfin da ya ninka na tsakuwa sau ɗari, wannan gaskiya ne. Amma tubalin ya ninka tsakuwar wuyar motsawa sau ɗari shi ma. Ribar da ya ci a nan ita ya biya a can, sai suka tashi daidai. A 1586 Simon Stevin ya hau hasumiyar wata majami'a a garin Delft na ƙasar Holan ya saki dalma biyu, ɗaya ta ninka ɗaya sau goma, daga tsayin ƙafa 30, aka ji faɗuwarsu kamar ƙara ɗaya. A watan Agusta na 1971 David Scott, ɗan sama-jannatin Apollo 15, ya tsaya a kan wata inda babu iska, ya saki guduma da gashin shaho a gaban kyamara, suka taɓa ƙasa tare.

Ban ga dalilin yi wa magabata dariya a kan wannan ba, domin duniyar da muke ciki ita ke koya mana kuskuren. Mai tura baro ya san da ya daina turi baro zai tsaya. Abin da ba ya gani shi ne gogayyar taya da ƙasa ce ta tsayar da shi, ba ƙarewar turi ba. Aristotal na Girka, a ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, ya ginu a kan cewa duk abin da ke motsin dole sai da mai tura shi. Da aka zo kan dutsen da aka jefa, sai ya ɗora wa iska aikin: hannu ya motsa iska, iska ta ci gaba da tura dutse. A ƙarni na shida wani malamin Iskandariyya, John Philoponus, wanda Larabawa ke kira Yahaya Nahawi, ya ƙi wannan magana. Ya ce in haka ne, a ɗora kibiya a kan sanda a yi ta kaɗa mata iska daga baya a ga ko za ta yi nisa. A ganinsa mai jifa yana saka wa abin wani ƙarfi ne a jikinsa, wanda ke ƙarewa da kansa a hankali. Amsar da mutanenmu ke bayarwa yau ke nan, kusan kalma da kalma.

Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya matsa gaba da taku mai girma a littafinsa Al-Shifa. Ya yarda mai jifa yana bar wa abu wata karkata, amma ya ce ba ta ƙarewa da kanta, iska ce ke cinye ta, kuma da za a sami wurin da babu komai, abin da aka jefa ba zai tsaya ba. Shi bai yarda akwai irin wannan wuri ba, amma maganar ta kusa da inda masanin Ingila Isaac Newton zai tsaya bayan shekaru 650. A ƙarni na 12 Abul Barakat na Bagadaza ya yi bayanin cewa abu mai faɗowa yana ƙara gudu ne saboda karkatar tana taruwa a kansa lokaci bayan lokaci. Jean Buridan ya koyar da makamancin haka a Paris a ƙarni na 14. Kowannensu ya kama wani yanki. Abin da ya rage shi ne awo.

Galileo na Italiya ne ya auna. Faɗuwa ta fi ƙarfin agogon zamaninsa sauri, sai ya rage mata gudu: ya riƙa gangaro da ƙwallon tagulla a kan katako mai kwari da aka jingina, yana auna lokaci da nauyin ruwan da ya tsiyaya daga wani mazubi. Ya gano nisan da abu ke yi a lokuta masu bin juna yana tafiya ne 1, 3, 5, 7. Da awonmu na yau, abin da aka saki yana faɗuwa mita 4.9 a sakan na farko, 14.7 a na biyu, 24.5 a na uku. Jimilla 4.9, sai 19.6, sai 44.1. Lokaci ya ninka biyu, nisa ya ninka huɗu. Littafin da ya tattara wannan ya fito a 1638 a garin Leiden, shi kuwa yana tsare a gidansa kusa da Florence, idanunsa sun tafi.

Babban abin da ke cikin littafin, a ganina, shi ne raba jifa gida biyu. Abin da aka jefa a karkace tafiya biyu yake yi a lokaci guda, kuma babu ruwan ɗaya da ɗaya. Ta gaba yana tafiya da gudu ɗaya da ba ya sauyawa, tun da babu mai ja ko mai turi ta wannan fuska. Ta sama da ƙasa kuwa yana yin daidai abin da dutsenmu na farko ya yi. Haɗuwar biyun ce ke zana lanƙwasar nan da masu lissafi ke kira farabola, wadda kake gani a ruwan da ke fita daga tiyo. Kana iya gwadawa a ɗaki. Ajiye kwabo biyu a bakin tebur, ka ɗalle ɗaya ya tafi can, ɗayan ka bar shi ya sulluɓe a lokaci guda. Kasa kunne: ƙara ɗaya za ka ji. Wanda ya yi nisa bai sami ko ɗan jinkiri ba saboda gudunsa. A 1640 Pierre Gassendi ya sa aka saki dutse daga saman dogon sandan tsakiyar jirgin ruwa da ke tsala gudu a gaɓar Marseille. Masu bin Aristotal sun ce jirgin zai wuce ya bar dutsen a baya. A gindin sandan ya faɗi, domin ya riga ya ɗauki gudun jirgin, kuma sakin da aka yi masa bai ƙwace wannan gudu ba. Wanda ya taɓa cilla lemo sama a cikin mota mai tafiya ya cafe abinsa ya maimaita gwajin Gassendi bai sani ba.

Daga nan maganar kusurwa ke fitowa. Ka jefa a kwance sosai, gudun gaba ya yi yawa amma abu ya taɓa ƙasa da wuri. Ka jefa a tsaye sosai, ya daɗe a sama amma bai je ko'ina ba. Tsakiya, digiri 45, ita ke ba da nisa mafi yawa, kuma Niccolò Tartaglia ya faɗa wa masu harba igwa haka tun 1537, kafin a san dalilin. Da gudun mita 20 a sakan, digiri 45 na kai abu kusan mita 41. Digiri 30 da digiri 60 kuwa wuri ɗaya suke sauka, mita 35, sai dai na farko ya iso cikin sakan 2, na biyu sai bayan sakan 3 da rabi. Kuma gudu ya fi kusurwa tasiri nesa ba kusa ba: ninka gudu biyu, nisa ya ninka huɗu.

Amma 45 ɗin nan ta littafi ce, sharuɗɗanta uku: babu iska, wurin tashi da wurin sauka tsayinsu ɗaya, kuma gudun bai dogara da kusurwa ba. A filin wasa da wuya su cika. Masu jifan dunƙulen ƙarfe mai kilo 7.26 suna sakinsa ne daga sama da kafaɗa, kuma jikin ɗan Adam ya fi iya turi ta gaba a kan ta sama, shi ya sa gwanayensu ke saki ƙasa da digiri 40. Da irin wannan Ryan Crouser na Amurka ya kafa tarihin mita 23.56 a 2023. Masu dogon tsalle sun fi nisa da 45 ma. Suna isowa da gudun da ƙafa ba za ta iya juya shi sama ba a ɗan lokacin da take kan katako, don haka suna tashi a wajen digiri 20. Mita 7.12 da Chioma Ajunwa ta ci wa Nijeriya zinare da su a Atlanta a 1996, gudun da ta kawo kafin tashi ne ya sayo mafi yawansu.

Newton ya ɗauki wannan lanƙwasa ya kai ta inda ba wanda ya zata. Ya ce a ƙaddara igwa a kan wani dogon dutse da ya wuce iska, bakinta a kwance. Harba a hankali, harsashi ya faɗi kusa. Ƙara albarushi, ya faɗi nesa. Amma duniya ƙwallo ce, bayanta yana lanƙwashewa: a kowane kilomita 8 ƙasa tana gocewa da kusan mita 5. Mun kuma ga abu yana faɗuwa kusan mita 5 a sakan na farko. To, idan harsashi yana cin kilomita 8 a sakan, yana faɗuwa mita 5 ƙasa tana kauce masa da mita 5. Zai yi ta faɗuwa bai taɓa ƙasa ba, har ya zagayo ya iso bayan igwar. Tauraron ɗan'adam ke nan, ba wani abu ba: jifa ce da ta yi saurin da ƙasa ta kasa tare ta. Gudun da ake buƙata kusa da doron ƙasa kilomita 7.9 ne a sakan. A kai 11.2, abu ya tafi ke nan ba dawowa.

Wannan yana warware wani kuskure da ake yawan ji, wai 'yan sama-jannati suna shawagi ne saboda babu janyowar ƙasa a can. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana tsayin kusan kilomita 400 ne kawai, kuma janyowar ƙasa a wurin ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na wadda ke kanmu. Suna shawagi ne domin su da tashar da cokulansu duk tare suke faɗuwa, suna zagaya duniya cikin minti 90 da 'yan kai. Can sama a kilomita 35,786 janyowar ta yi rauni, zagaye ɗaya yana cin yini guda cur, daidai da juyawar duniya. A nan NigComSat-1R yake tun da aka harba shi daga Sin a Disambar 2011, a nan kuma taurarin talabijin suke, shi ya sa ake kafe faranti a kan rufi yana kallon wuri ɗaya shekara da shekaru. Wata ma jifa ne. Nisansa ya ninka rabin faɗin duniya sau 60, janyowa kuma tana raguwa da nisa sau nisa, wato kashi ɗaya cikin 3,600. Raba mita 4.9 gida 3,600, ka sami milimita ɗaya da 'yan kai, kuma gwargwadon abin da wata ke karkatowa ke nan zuwa gare mu a kowane sakan. Dacewar wannan lissafi da abin da masu duban taurari suka auna tana cikin manyan hujjojin littafin Newton na 1687.

Yanzu a dawo da iskar da muka ajiye, domin a cikinta muke rayuwa. Iska tana turjewa duk abin da ke ratsa ta, kullum tana fuskantar kishiyar tafiyarsa, kuma turjiyar tana ƙaruwa da gudu sau gudu. Ba ruwanta da nauyin abu, faɗinsa da siffarsa take kallo. Saboda haka abu mai faɗi marar nauyi shi ke shan wahalarta. Mace mai shiƙa da wannan take aiki: ta ɗaga ƙwarya sama da kai ta tsiyayo, gero ya sauka a gabanta, ƙaiƙayi iska ta yi gefe da shi. Ƙasa ba ta bambanta su ba, iska ce ta tace. Abu mai faɗowa yana ƙara gudu har turjiyar iska ta yi daidai da nauyinsa, daga nan gudun ya tsaya a wuri ɗaya. Babban ɗigon ruwan sama yana tsayawa a wajen mita 9 a sakan. Ba don iska ba, ɗigon da ya taso daga girgije mai tsayin kilomita 2 zai iso da gudun kusan kilomita 700 a awa, da damina ba ta shigu ba. Mutumin da ya diro daga jirgi ya baje jikinsa yana tsayawa a wajen kilomita 200 a awa kafin ya buɗe lema.

Iska tana ɓata kyan farabola. Dubi bugun mai tsaron gida: ƙwallo tana tashi a miƙe, ta yi sama, sai ta sauko kusan a tsaye, saukarta ta fi hawanta tsini. Lissafin da babu iska ya ce ƙwallon da aka buga da mita 30 a sakan za ta yi mita 92, amma a fili yawanci ɗan gaba da tsakiya take sauka. Tsofaffin masu igwa da suke zana harsashi yana tafiya a miƙe sannan ya faɗo a tsaye, ba ƙarya suka zana ba gaba ɗaya, abin da iska ke yi suka gani suka ba shi fassarar da ba tasa ba. Idan abu yana juyawa kuma, iska tana tura shi gefe, abin da Heinrich Magnus ya yi bayani a 1852, wanda duniya ta gani a bugun tazarar Roberto Carlos a ragar Faransa a 1997. Masu shirya wasanni ma da iska suke ciniki. Da Uwe Hohn na Jamus ta Gabas ya jefa mashi mita 104.80 a 1984, filaye suka fara yin kaɗan, sai a 1986 aka matsar da tsakiyar nauyin mashin maza gaba da santimita 4 don ya riƙa sunkuyar da kai da wuri.

Jamusawa sun nuna ɗaya fuskar a Maris na 1918, lokacin da suka fara ruwan harsasai a kan Paris daga nisan kusan kilomita 120. Sun ɗaga bakin igwar sama da digiri 45, saɓanin abin da aka saba, don harsashin ya yi saurin ficewa daga iska mai kauri ya shiga sama inda ta yi shara-shara. Yana kaiwa tsayin kusan kilomita 40, ya yi wajen minti uku a hanya. Tafiyar ta yi tsawon da sai da masu saiti suka sa juyawar duniya a lissafinsu.

Inda wannan ilimi ya fi shafar rayuwarmu kai tsaye shi ne harbin iska, na murnar biki ko cin zaɓe ko na tarwatsa taro. Mai harbin yana jin kamar sama ta haɗiye harsashin. Harsashin AK-47 yana barin bakin bindiga da gudun kusan mita 715 a sakan. Ba don iska ba zai hau kilomita 26 ya dawo da gudun da ya tafi da shi. Iska tana rage wannan ƙwarai, amma ba ta kai shi inda ba ya cutarwa ba. Gwaje-gwajen sojojin Amurka bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, waɗanda Julian Hatcher ya rubuta, sun nuna harsashin bindigar soja da aka harba a tsaye yana hawa kusan kilomita 2.7 cikin sakan 18, ya ɗauki kusan rabin minti yana saukowa, ya iso da gudun wajen mita 90 a sakan. Wannan ya haura kilomita 300 a awa, kuma gudun da bai kai haka ba yana huda fata. Likitocin wani asibiti a Los Angeles sun bi bayanan mutum 118 da irin wannan harsashi ya faɗo wa tsakanin 1985 da 1992: kusan kashi uku cikin huɗu a ka ya same su, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma sun mutu.

Wannan ma a kan harbin da ya tafi a tsaye ne, wanda shi ne mafi sauƙi, domin a can sama harsashin yana tsayawa, sau da yawa ya dawo yana wuntsilawa, iska ta sami inda za ta kama shi. Amma wa ke harbi a tsaye cak? Mutum ya ɗaga bindiga da hannu ɗaya cikin hayaniya, a karkace take. Harsashin da ya fita a karkace ba ya taɓa tsayawa. Gudunsa na sama ne ke ƙarewa a ƙololuwa, na gaba yana nan, juyawar da bakin bindiga ya ba shi tana nan, tsininsa na gaba, ya sauka da gudun da ya fi na mai faɗowa a tsaye, a wata unguwa mai nisan kilomita biyu ko fiye, inda ba a ma ji kiɗan bikin ba. Bindigogin gargajiya da 'yan bindigar sarki ke bugawa a hawan salla albarushi ake ɗura musu don ƙara da hayaƙi, ba abin da suke aikawa sama da zai dawo a kan wani. Bindiga mai harsashi kuwa duk inda aka nufa da bakinta a cikin gari, kan mutane aka nufa, kuma kwanon rufin da yawancinmu ke kwana a ƙarƙashinsa bai kai kaurin milimita ɗaya ba.